Ranar da Na Nome Ciyawar Hukuma

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da hankalina zai bi sawun haƙorana ya tafi ya bar ni, da wata Asabar da na tara matan unguwarmu muka je taimakon ɗana Haruna a wurin aikinsa. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ja mayafi in rufe fuska, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Bari in fara gaya muku ko ni wace ce, don ku san daga inda na faɗo. Ban shiga makaranta ba, amma Allah ya ba ni ido. In yarinya ta share tsakar gida ta tsallake gindin randa, ni zan gani. In saurayi ya wuce dattijo bai rage tafiya ba, kafin ya kai gida uwarsa ta ji daga bakina. Yaran ƙauyenmu in sun hango ni tafe sai kowa ya gyara tsayuwa, har wanda bai yi laifin komai ba. Ban taɓa ganin aibin wannan ba (har yanzu ma ban gama gani ba, gaskiya).

Abin da aka fi sanina da shi kuwa shi ne noma. Shekara da shekaru ni da marigayi maigidana muna aikin hawasha, gonar ban ruwa ta wani Balarabe, mu yi wahalar a raba amfani, kuma babu wani mufattish, wato jami'in duba aiki, da ya taɓa tsayawa a kan kunyata ya nuna ciyawa da sandarsa. Balle kiri-kiri, wadda Larabawa ke ce wa najila. Wanda bai yi noma ba bai san muguntar ciyawar nan ba. Ka sare ta a sama, tana can ƙasa tana rarrafe, bayan kwana kaɗan ta ɓullo maka ta inda ba ka zata ba. Ni ba na sare ta. Bin ta nake yi har gidanta, in zaro jijiyar, in kakkaɓe ƙasar, in tara in cinna mata wuta. Inda na nome ba ta dawowa, kuma kowa a ƙauyen ya san haka, don ni da kaina na gaya musu.

Haruna shi ne autana. Shekaru ya yi yana yawon yankan riɗi a manyan gonakin Damazin, ya tafi da ƙiba ya dawo kamar kara. Daga baya ya fara zancen tafiya arewa haƙar zinariya, wurin da yaranmu ke zuwa, wasu su dawo da babbar waya, wasu labarinsu kawai ke dawowa. Ga matarsa Zainaba da tsohon ciki. Ban hana shi da baki ba, amma na daina barci sosai. Ana cikin haka sai Allah ya kawo masa aiki a garin da muke cin kasuwa, aikin kula da jinenar mahaliyya, wato lambun shaƙatawa na ƙaramar hukuma, ya tafi da safe ya kwana a gida.

Jinenar nan na san ta tun ina amarya. Fili ne a gaban ofisoshin hukuma, da shingen ƙarfe da ya karkace, da itatuwan dogon yaro, da mata masu shayi a gindinsu. Wani tsohon ma'aikaci ne ke share ta in ya ga dama, ya watsa ruwa in famfo ya kawo. Ƙura ce da awaki, kuma ban taɓa jin wanda ya yi kuka da ita ba.

Ranar da Haruna ya zo mini da labarin, na zaunar da shi na yi masa tambayoyi kamar yadda na saba. Ya ce hukuma ta sallami mai sharar, ta ba wata sharika, wato kamfani, aikin gyara jinena da kula da ita. Na ce to an sayar wa sharika da filin ke nan. Ya ce a'a, fili na hukuma ne. Na ce aro aka ba su? Ya ce ba aro ba ne, aiki kawai za su yi a ciki. Na ce kai kuma ma'aikacin wane ne? Ya ce na sharika. Na ce wa zai duba aikinka? Ya ce hukuma. Na yi ta juya maganar, ta ƙi zama, na sake juya ta, sai can ta zauna mini daram. Ashe hawasha ce! Ƙasa ta hukuma, an ba wani ya riƙe, shi kuma ya nemo Bahaushe ya yi masa wahalar, mufattish ya zo da sanda ya duba. Abin da muka tashi a ciki ke nan, suna kawai aka sake masa. Na ji daɗin kaina ƙwarai da na gano wannan ba tare da kowa ya taimake ni ba.

Saura tambaya ɗaya, wadda kowane manomi zai yi.

"To mi kunka shuka?"

Ya sunkuyar da kai yana tsinkar zaren tabarma. "Abin ado ne, Inna. Ba irin shukar da kinka sani ba ce."

"Akwai shukar da ban sani ba?"

"Ba a cin ta. Kallo kawai ake yi."

Na ƙyale shi, amma maganar ba ta bar raina ba. Shukar da ba a ci, ba a sayarwa, ba a ba dabba, ana kuma biyan mutum ya yi mata ban ruwa. Na ce ƙila magani ne irin na Turawa.

Aka ɗan kwana biyu yana zuwa aikinsa da koriyar riga mai rubutu a baya, har ya fara yin kumatu. Sai wani mako na ga ya canza. Yana cin tuwo kamar an sa shi dole. Zainaba ce ta raɗa mini cewa ranar Lahadi mufattish zai zo daga mahaliyya ya duba aiki, kuma shukar ba ta rufe ƙasa yadda ake so ba. Mai sharika ya ce in ba a yaba ba, zai nemi wani ya riƙe wurin. Ta ce ta ji Haruna yana tambayar wani abokinsa ranar da motar masu zinariya ke tashi.

Na san abin da mufattish ke nema in ya zo gona. Abu ɗaya ne tun zamanin iyayenmu.

Ranar Alhamis na kai busasshiyar kuɓewa kasuwa. Da na sayar ban nufi mota ba, na zaga ta jinena. An miƙe shingen an shafa masa fenti, an kori awakin, masu shayi an tura su waje. Haruna ba ya nan, an ce ya tafi wajen famfo. Na kama ƙarfen shingen na leƙa.

Kiri-kiri. Daga wannan shinge har wancan, kiri-kiri ce zalla, ta yi kore shar, ta samu sake har tana fitowa a jere kamar ɗalibai. Ga tiyo an shimfiɗa a tsakiyarta ruwa na kwarara. Na ƙura ido ina neman shukar da ta danne, ban ga ko tsiro ɗaya ba, sai wasu 'yan itatuwa masu jan fure can a gefe, suna tsaye kamar waɗanda suka tsira daga gobara. Na ce inna lillahi. Ciyawa ta cinye shukar mutane ƙurmus, yaron nan kuma tsaye yake yana shayar da ita. Ɗana, wanda na haifa, wanda na koya wa riƙon fartanya.

(Kada wani ya ce mini ban taɓa ganin filin ƙwallo a talabijin ba. Na sha gani a gidan maƙwabta, kore daga nan har can. Amma ban taɓa kawo wa raina cewa mutum ne ya shuka ba. Na ɗauka sakacin mutanen can ne, har nakan ce da za a ba ni filin nan da an ga dawa.)

A mota ina dawowa na yi ta shawara da zuciyata. In na yi masa faɗa, magidanci ne, ga iyali, ga damuwa ta riga ta yi masa yawa. In na yi shiru, ranar Lahadi mufattish zai nuna ciyawar nan da sanda, Litinin Haruna na kan motar arewa. Da dare ya ce mini ranar Asabar da sassafe za su tafi Sinnar shi da mai sharika su sayo dashen furanni. Na ce a raina, ta cinye na farko za su ƙaro mata. A fili kuwa na ce Allah ya kiyaye hanya.

Juma'a na bi gida gida na kira gayya. Ban yi wa kowa dogon bayani ba, na ce ciyawa ta fi ƙarfin Haruna a gonar hukuma, za mu je mu rufa masa asiri, kuma kada Zainaba ta ji don kada ta gaya masa ya ji kunya. A ƙauyenmu in na kira gayya ba a cewa ana da uzuri. Har Ladidi ta ce za ta zo, ba don na so ba. Ladidi maƙwabciyata ce, tare muka yi ƙuruciya, kuma a duk faɗin tsarin ban ruwan nan babu mai ƙazamin noma kamarta. Aske ciyawa take yi a sama kamar wanzami, ta bar jijiya a ƙasa, ta koma inuwa tana ba da labari. Gonarta rabi dawa rabi kiri-kiri. Shekara nawa ina yi mata magana, dariya kawai take yi ta ce awakinta ma bayin Allah ne.

Asabar da hantsi bai yi ba mun cika bayan wata ƙaramar mota, da fartanyoyi da buhuna da tulun kunu. Ofisoshi a rufe suke ranar, sai mai gadi, wani tsohon Balarabe da ke zaune a bakin ƙofa yana shan jabana, gahawarsu. Na yi masa sallama na ce ni ce mahaifiyar Haruna, mun zo aikin jinena. Ya dube mu, ya dubi fartanyoyin, ya tambaya ko sharika ce ta turo mu. Na ce aikin sharika dai muka zo yi (ban yi ƙarya ba, a ganina). Ya tashi yana neman mabuɗi a aljihu.

"Ni na mahaliyya ne, ya Hajja," in ji shi. "Ƙofa ce tawa. Abin da ke bayan ƙofa na sharika ne. Yau su kawo waɗannan, gobe su kawo waɗancan, na daina tambaya."

Ya buɗe mana, har da nuna mana inda famfo yake.

Na raba wa kowa yankinta. Ni na ɗauki tsakiya, daidai ƙofar babban ofis, inda idon mufattish zai fara sauka. Muka yi bisimilla muka duƙa. Wata ta ɗauko waƙar noma, saura suka amsa, aiki ya kankama. Masu shayi suka zo bakin shinge suna kallo. Ɗaya ta tambaye ni ko mahaliyya ce ta fasa, na ce wane fasawa, gyara muke yi. Wani mutum mai jaka da ya zo wucewa, da alama ma'aikacin ofis ne, ya tsaya ya daɗe yana dubanmu, sannan ya tambayi mai gadi ko an sake ba wata sharikar ne. Mai gadi ya ɗaga kafaɗa. Mutumin ya ce to ba sashensu ba ne, ya wuce abinsa.

Akwai abubuwan da suka ɗan dame ni, ba zan ɓoye ba. Ƙasar ta yi laushi fiye da kima, ga taki an barbaɗa. Ciyawar kuma ba ta yi mini gardama yadda ta saba ba, dunƙule dunƙule take fitowa, kowane da 'yar baƙar ƙasarsa daban da ta filin. Na ce lalle wannan ta ci ta ƙoshi ne shi ya sa ta yi sanyi. Can sai Ladidi ta miƙe ta dafa ƙugu.

"Yaya, ciyawar nan fa kamar dasa ta anka yi. Dubi layi."

"Wane mahaukaci ne zai dasa kiri-kiri? Duƙa ki yi aiki."

Na je na duba yankinta, abin da na zata shi na tarar. Aski take yi tana cusa ganyen a buhu don awakinta, jijiya na nan kwance lafiya lau. Na wanke ta tas a gaban mata, na ce ko a gonar hukuma ba za ta bar halinta ba. Ta ce to, ta ci gaba da askinta.

Ni kuwa na yi noman da ban taɓa yin irinsa ba. Na bi kowace jijiya har ƙarshenta, na tona, na tankaɗe ƙasar da yatsu, na tara nawa tsibi guda na zuba busasshen ganyen dogon yaro na cinna wuta. Sauran mata suka tara nasu a gefe suna jira nawa ya gama ci. Da na ga fili ya yi fes sai na ja kunyoyi masu kyau, don yaro ya zo ya tarar da wuri a shirye, dashe kawai zai yi. Na tsaya na dubi aikin, na ji ƙwalla ta taru mini. Na ce yau ko mufattishin Turawa aka tono daga kabari ba shi da abin nunawa.

Rana ta take tsaka sai ga babbar mota ta tsaya a bakin ƙofa, bayanta cike da furanni a cikin baƙaƙen ledoji, Haruna na zaune a tsakiyarsu. Wani mutum mai farar riga da tabarau ya fito daga gaba, yana magana a waya. Ya shigo ƙofa, ya yi taku biyu ko uku, ya tsaya. Wayar ta sauko daga kunnensa a hankali.

Na gane shi ne mai sharika. Na goge hannu a zane na tare shi, na yi masa jawabi da Larabcina mai kyau. Na ce kada ya ga laifin yaro, ciyawar nan ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Na ce mu ba mu zo don a biya mu ba, haka muke yi a ƙauye in aiki ya danne ɗan uwa. Na ce ba sai ya yi godiya ba. Har na ƙara masa da shawara, cewa nan gaba kada a sakar wa fili ruwa sai an tabbatar an kashe jijiya.

Ya yi ta kallon filin har na gama. Sannan ya tambaya da wata siririyar murya, ina najila?

Na juya na nuna masa hayaƙin da hannu, ina murmushi. "Ga ta can tana ci."

Mutumin ya nemi wuri ya zauna a ƙasa, da farar rigarsa. Na ɗauka daɗi ne ya kashe masa ƙafafu. Sai ga Haruna ya diro daga mota ya shigo da gudu, ya dubi gabas ya dubi yamma, ya ɗora hannu biyu a ka.

"Inna, mi kunka yi?"

"Abin da ya kamata ka yi tun tuni. Ina shukar taku ma? Ko ɗaya ban gani ba."

"Ita ce shukar."

"Wace?"

"Kiri-kirin, Inna. Ita munka shuka. Da hannuna na dasa ta, ɗaya bayan ɗaya."

Na ce ya sake faɗa. Ya sake. Na ji kalmomin sarai, kowace na san ta, amma sun ƙi haɗuwa a kaina. Na ce wato hukuma ta kori mai shara, ta kira sharika, sharika ta kira ka, aka sayo taki, aka jawo ruwa, don a shuka kiri-kiri? Ya ce e. Na ce in ta girma fa? Ya ce a yanke ta da inji. Na ce a ba dabbobi? Ya ce a'a, a zubar, a sake ba ta ruwa ta tsiro. Na dubi fuskarsa ko wasa yake yi. Ba wasa yake yi ba, idonsa ya yi ja.

Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar wutata tana cin dukiyar mutane. Daga nan wata dariya ta kuɓuce daga bayana, ba sai na juya ba na san ta Ladidi ce. Masu shayi suka ɗauka, masu raksha, keken haya mai ƙafa uku, da suka taru a bakin shinge suka karɓa. Ni kuwa ina tsaye a tsakiyar fili da fartanya a hannu, na rasa inda zan ajiye ta. In na riƙe, shaida ce. In na yar, kowa zai ji ƙararta.

Mai sharika ya farfaɗo ya hau mai gadi da faɗa. Mai gadi ya ce shi ba ma'aikacinsa ba ne, ƙofa aka ba shi kuma ga ƙofa nan ba abin da ya same ta. Aka kira mufattish a waya, ya zo daga gida da jallabiya, wani ɗan gajere mai furfura, ko sanda ba ya riƙe da ita. Suka shiga musun da har yau ban gane kansa ba. Mai sharika ya ce tsaron wuri na mahaliyya ne. Mufattish ya ce abin da ke cikin wuri na sharika ne har ranar da aka miƙa shi. Wannan ya ce shinge naku, wancan ya ce ciyawa taku. Na yi ta bin bakinsu da ido ina jira a zo kaina, ba a zo ba, kamar iska ce ta nome filin.

Sai mai sharika ya juya wajen Haruna, ya ce ya cire rigar ya ajiye.

Nan ne na ajiye fartanyar. Ni da ban taɓa roƙon kowa ba a rayuwata, na je gaban mutumin nan, sa'an ɗan cikina, na durƙusa. Na ce yaron bai san da zuwanmu ba. Na ce ni ce, kuma abin da hannuna ya cire hannuna zai mayar. Mufattish ya tambaye ni dalilin da ya sa na yi haka, na gaya masa gaskiya, cewa na ji an ce mufattish zai zo ne. Ya dube ni, ya dubi kunyoyin da na ja, sai ya fashe da dariya har yana share hawaye da hannun riga. Ya ce tsohuwarsa ma 'yar hawasha ce, da ita ta zo da haka za ta yi, shi ya sa bai taɓa kawo ta nan ba. Ya ce malesh, ba komai, zai ɗaga zuwan nasa zuwa ƙarshen wata mai kamawa. Mai sharika bai yi dariya ba. Ya ce in fili ya yi kore kafin ranar, Haruna na nan. In bai yi ba, kowa ya san hanyar gidansu.

A hanyar komawa babu mai waƙa. Na matsa kusa da Haruna na tambaye shi a hankali abin da ya hana shi gaya mini tun farko.

"Inna, ina yaro kin taɓa maishe ni gona da rana tsaka, ba ci ba sha, don na bar jijiya ɗaya a kunya. Da wane baki zan ce miki ita nake shukawa ana biyana?"

Na gyara zama na dubi hanya.

Washegari muka koma dashe. Abin da sauran mata suka tara a gefe bai mutu ba, muka mayar da shi rami rami, muka ba shi ruwa. Yankin Ladidi kuwa ko taɓa shi ba a yi ba. Kafin mako ya zagayo ya tsiro ya yi kore, ya fi yadda yake da kyau, har mai sharika da ya zo ya tsaya a kansa yana gyaɗa kai. Saura nawa, tsakiyar fili, gaban babban ofis, toka da jar ƙasa. Mai sharika ya ce shi ba zai sake sayo ko tsinke ba. Sai an nemo iri. Na zaga gonata kaf, babu ko ɗaya, na riga na gama da ita tun shekarun baya. A ƙauyen nan mutum ɗaya ce ke da kiri-kiri mai isar dashe.

Na je na yi sallama a ƙofar Ladidi. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo shayi, ta zauna tana jira, ta ƙi taimakona da ko kalma ɗaya. Sai da na buɗe baki na ce na zo neman ciyawa.

"Wace iri, Yaya? Kin san ni ƙazamar manomiya ce, iri iri gare ni."

Ta raka ni gonar da kanta, tana nuna mini inda ta fi kyau, tana cewa in tona a hankali kada in ji wa jijiya ciwo. Na cika kwano na ɗora a ka, na ratsa kasuwa da shi, mutanen da suka san ni shekara da shekaru suna tambaya Hajja me aka samo, ina cewa kaya ne. Haruna ya ce ta sharika wani iri ne na musamman da aka kawo daga nesa, ta gona kuma daban. Na ɗora su a tafin hannu na duba har idona ya yi ruwa, ban ga bambanci ba, ban kuma ce komai ba, don na daina yarda da idon nan a cikin shingen hukuma. Na duƙa na dasa, ina yi ina tofa mata addu'a, Allah ya raya ki, Allah ya yaɗa ki. Da marigayi zai leƙo ya gan ni, da ya ce an canza masa mata.

Ta kama, amma ba duka ba. Gefe gefe ta rarrafo ta haɗe da ta sauran mata. Daidai inda na ƙona tsibina kuwa ta ƙi. Na dasa, ta bushe, na sake dasawa, ta bushe. Ranar da mufattish zai zo saura kwana kaɗan, ga fili kore ko'ina da sanƙo a tsakiya kamar kan tsoho. Ban taɓa roƙon Allah ya sa a ce aikina bai yi kyau ba sai a wannan makon, amma inda na nome ba ta dawowa, kamar yadda na sha gaya wa mutane.

Haruna ne ya yi dabara. Ya roƙi mai sharika aka ɗauko wani bencin siminti daga bakin shinge aka dasa shi a kan sanƙon. Mufattish ya zo, ya zaga, ya zauna a kan bencin ma, ya ce tamam, aiki ya yi. Rigar ta zauna a jikin Haruna. Motar arewa ta tashi ba da shi ba, kuma yana gida ranar da Zainaba ta sauka, aka samu mace, aka sa mata sunana (Ladidi ta ce Allah ya sa kada ta gado hannun).

Bencin na nan har yanzu, masu shayi na ce masa kujerar Hajja. Ran kasuwa in na gama sayar da kuɓewata nakan je in zauna a kai, in ga ɗana ya tura inji ya yanke ciyawa, ya kwashe ya zubar, ya jawo tiyo ya ba ta ruwa don ta sake tsirowa ya sake yankewa. Na daina tambaya. Ban gane ba, kuma na haƙura da ganewa. Abin da na koya dai shi ne, yanzu ko a bakin hanya na ga ciyawa, sai na tambayi ko ta wace ce, kuma wa aka ba kwangilarta, kafin in duƙa. In ina kan bencin nan kuwa hannuwana biyu a ƙarƙashin cinya nake danne su, don wani lokaci sai in ga wani reshe ya rarrafo kusa da ƙafata, lafiyayye, jijiyarsa a fili, yatsuna su fara motsi da kansu.